Shirun Lantana

Falgore, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Lantana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Hadi da mutanen gidan baki ɗaya. Ya nauyin jiki? Ya ƙafar da kika ce tana kumbura? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya zauna sosai, gyaɗar bayan gida ta rufe ƙasa, gero ya kai ƙugu. Nauyin kunnen nan nawa yana nan yadda kika san shi, shi ya sa har yau ban ga amfanin wayar da kuka saya mini ba. Gwadabe direba zai miƙa miki wannan idan ya shigo Karaye da lodi.

Lantana, wata magana ta zo mini, kuma tun da ta zo abinci bai yi mini daɗi ba. An ce kullum bayan azahar kina shiga ɗaki ki sakaya ƙofa, ki toshe kunnuwanki da igiyar waya, ki jingina da bango ki lumshe ido. An ce a yi ta sallama ba kya amsawa. Ba barci kike yi ba, don leɓenki yana motsi, amma wai idan aka ɗaga hannunki aka saki sai ya faɗi kamar tsumma. An ce wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ɗora ki a kan wannan hanya.

Kada ki tambaye ni wanda ya faɗa mini, ba zan gaya miki ba.

Na san ba ni na haife ki ba, 'yar kawun mahaifiyarki ce kawai. Amma tun ranar da Halima Sadiya ta rasu wajen haihuwarki, a bayana kika girma, don haka ina da bakin tambaya. Wace ce wannan matar? 'Yar gidan wa ce? Me take zuba miki a kunne? Ta ba ki wani abu kin sha? Ki rubuto mini dalla-dalla, kada ki yi mini irin amsar nan taku ta 'yan makaranta.

Innarki,
Hajo

Karaye, ranar Juma'a

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki cikin ladabi da biyayya. Ya aikin damina, ya ƙarfin jiki? Ni lafiya ƙalau, ƙafar tana sauka da safe ta hau da yamma. Maigida yana gaishe ki, aikin ofishin hakimi ya yi masa yawa kwanan nan.

Inna, da na fara karanta takardarki dariya na yi, da na kai ƙarshe kuma raina ya ɓaci.

Sunanta Sista Bahijja, ita ke duba mu ranar awo. Mutuniyar Gwarzo ce, mijinta malamin makaranta ne a nan garin, kuma uwa ce, ta san gwiwa. Ban sha komai daga hannunta ba sai ƙwayar ƙarin jini da ake ba kowa.

Kin san abin da ya same ni bara. Tun da aka ciro yaron nan ba rai, ko kukan jariri na ji a maƙwabta sai gabana ya faɗi. Ranar da na fara zuwa awon wannan cikin, tana ɗora hannu a cikina sai na fashe da kuka a gaban mata. Da ta sallami kowa sai ta zaunar da ni ta ce, “Me kike tsoro?” Na ce, “Komai.” Ta ce, “Tsoro yana ɗaure jiki, jikin da ya ɗaure kuma naƙuda ta fi ba shi wuya. Ba zan ce miki ba za ki ji ciwo ba. Amma zan koya miki yadda za ki daina kokawa da shi.”

Abin da ta koya mini ke nan. In ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi ta baki ya fi wanda na ja tsawo. In saki haƙorana, in saki kafaɗa, in buɗe tafin hannu, in bi jikina gaɓa-gaɓa har yatsun ƙafa ina cewa kowacce ta huta. Motsin leɓen da aka gani salati ne. Abin da ke kunnena kuwa muryarta ce, ta naɗa mana a waya. Ta ce a wani kwas ta koyo a Kano. Mutum yana shiga wani hali tsakanin barci da ido biyu, amma shi ke kai kansa, ba wani ke kai shi ba. Idan jikina ya saki, sai muryar ta ce in tafi inda na fi so. Ni bakin dam nake tafiya, wajen da masunta ke ɗaure jiragensu, in zauna ina kallon ruwa yana zuwa yana komawa. Kusan kullum sai na je, kuma a can nake samun natsuwa.

Kin ce kada in tambaya, to ban tambaya ba, don na sani. Nana ce, ƙanwar maigida da ta zo daga Kafin Dafga wai ta taya ni aiki. Ita ta ɗaga mini hannu rannan tana dariya. Ashe gadina aka kawo ta yi. Tun da takardarki ta zo ban sake sakar mata fuska ba.

'Yarki,
Lantana

Falgore, ranar Litinin

Lantana,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki. Muna lafiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta wajen nan har na kai takardar bakin ƙofa inda haske ya fi, ko idona ne ya yaudare ni. Murya ce take aikenki bakin ruwa, ke kuma ki tashi ki tafi? Da tsohon ciki? Kusan kullum? Kuma ki ce mini ke kike kai kanki? Wa bai san abin da ke zaune a babban ruwa ba? Shi Malam Hadi yana ina kike fita?

Ina yarinya na ga masu bori a Rogo da idona. Su ma da sauti ake fara musu, su ma jikinsu sakewa yake yi, su ma a kira sunansu ba sa waiwayowa. Don wannan ta sa farin kaya ta ce a Kano ta koyo, bai canja mini komai ba. Kin ce uwa ce, kin ga 'ya'yan? Kuma me ya sa ta tsame ki daga cikin mata ta zaunar da ke ke kaɗai? Mai rauni ake nema a irin wannan harka, ta ga kuka a idonki ta gane ta samu.

Ban yarda da duk wanda zai koya wa mace yin shiru a kan gwiwa ba. Mace ta yi nishi, ta yi salati da ƙarfi, ta kira sunan wanda za ta kira, a san tana nan.

Ga rubutu nan a jarka na karɓo wajen Malam Zubair limaminmu, ki sha safe da yamma, ki shafa a ciki. Ki goge muryar nan daga wayarki. Sannan ki gaya wa maigidanki na ce ya kawo ki gida ki haihu a gabana. Na share ɗakin, na sa an tara itacen wanka.

Maganar Nana kuwa, ban ce ita ce ba, ban ce ba ita ba ce.

Hajo

Falgore, ranar Laraba

Lantana,

Ina fatan kina lafiya, tun da ba ni da hanyar sani. Kasuwa ta ci ta sake ci, Gwadabe yana dawowa hannu wofi. Ya rantse mini a hannunki ya sa takardar da jarkar. Na tambaye shi yadda ya gan ki, ya ce lafiya, amma yana faɗa yana kallon tayar motarsa.

Ko dai matar nan ce ta ce ki daina kula ni? Ko kuwa wani ke karɓe amsarki a hanya? Idan ba ki da lafiya ne ake ɓoye mini, Allah yana gani. Tun jiya ruwa ya cinye hanyarmu wajen kwalbati, babur ma da ƙyar yake wucewa, amma idan ban ji daga gare ki ba zan taho ko da ƙafa ne.

Hajo

Karaye, ranar Asabar

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina neman gafararki. Lafiyata ƙalau, don Allah kada ki tako hanyar nan. Ba wanda ya karɓe takarda, ba wanda ya hana ni. Ni ce na kasa riƙe biro don fushi.

Ranar da Gwadabe ya kawo jarkar, yana sauke ta sai ya ce, “Tsohuwa tana nan yadda muka bar ta ranar da na kai maigidanki.” Na ce, “Ka kai shi ina?” Nan ya gane ya yi ɓaramɓarama, ya ja motarsa. Shi ya sa yake kallon taya.

Da maigida ya dawo na ajiye masa abinci, na bari ya ci, sannan na ce, “Yaushe ka je Falgore?” Ya daɗe yana wanke hannu. Ya ce ranar da aka aike shi Rogo da takardun ofis ne ya ratse. Na ce, “Ni ina ɗaki ɗaya da kai ba ka tambaye ni ba, sai ka je ka ɗaga murya a kunnen Inna, duk Falgore ta ji matarka ta samu taɓin aljanu?” Ya ce, “Na tambaye ki, kika ce hutawa kike yi. Na shigo na same ki kamar gawa, Lantana. Bara na binne ɗa. Me kike so in yi tunani?” Na kwashe kwanukan na fita.

Abin da ya fi ci mini rai Nana ce. Yarinyar nan ta gaji da shan ƙamshina ta tattara ta koma Kafin Dafga, ba ta san laifinta ba. Da kin ce mini ba ita ba ce, Inna. Na aika mata da ban haƙuri, ta ce za ta dawo.

Yanzu maganar dam. Wallahi ƙafata ba ta taka bakin ruwan nan ba tun muna amare, da ya kai ni muka sayo kifi. A zuci nake zuwa, ina zaune a kan tabarmata. Tunawa ce kawai, kamar yadda kike rufe ido ki ce kina ganin gidanku na Rogo Ruma da bishiyar tsamiyarsa. Kuma ba ni kaɗai Sista take koya wa ba, muna da yawa. Duk sallamar da ake yi ina ji, amsawa ce ba na yi don kada in katse.

Na ce wa maigida tun da zargi yake yi, ya je ya gani. Ya bi ni awo, ya tsaya a gaban Sista yana ta tambaya kamar alƙali. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, “Malam, zauna ka ji abin da matarka take ji.” Ta sa masa a kunne. Inna, kafin a gama auna ni mutumin nan ya yi barci a kan benci, hularsa a cinya. Ta koya masa ya riƙa dafa kafaɗata idan ya ga na ɗaure, wannan ce alamar in saki jiki. Yana yi, ko da yake har yanzu idan na lumshe ido ina jin sa yana leƙen fuskata.

Rubutun ina sha, na gode. Na nuna wa Sista, ta ce in sha abina, kada dai in bar ƙwayoyina. Muryar kuwa ban goge ba, kuma ba zan ɓoye miki in ce na goge ba.

Zuwa gida ne ba zai yiwu ba. Jinina ya ɗan hau, an ce lallai a asibiti zan haihu. Ki duba hanyar da kika faɗa da bakinki. Ki yafe mini, ban taɓa ƙin maganarki ba sai yau.

'Yarki,
Lantana

Karaye, ranar Alhamis

Zuwa ga Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi miki albishir Allah ya sauki Lantana lafiya jiya Laraba, an samu 'ya mace. Uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya yanzu. Na ce yanzu, domin akwai abin da ya faru, kuma gara ki ji shi daga gare ni.

Da safe ina shirin fita ta ce bayanta yana riƙewa. Ta zauna a kan tabarma ta sa abin kunnenta, tana numfashin nan nata. Matan gidanmu suka leƙo suka ce wannan ba naƙuda ba ce, mai naƙuda ba ta zama haka. Na yarda da su. Can ta buɗe ido ta ce, “Ka nemo mota.” Na ce bari in kai makullin ofis in dawo. Ta ce, “Ka nemo mota yanzu,” ta mayar da idonta ta rufe. Yadda ta faɗa ne ya sa na ajiye makullin.

A asibiti ma nas ɗin da muka tarar ta dubi fuskarta ta ce da saura, mu zaga mu dawo. Lantana ta ce a duba ta dai. Ana dubawa sai ga nas tana kiran a kawo gado, wai kai ya sauko. Aka aika aka kira Sista Bahijja. Nana ce ta shiga da ita, ni ina waje.

Inna, ban taɓa jin tsoron shiru irin na jiya ba. Bara ihunta nake ji har bakin titi. Jiya ba na jin komai sai muryar Sista ƙasa-ƙasa. Nana ta ce gumi yana zubo wa Lantana, ciwo yana zuwa tana bin sa da numfashi, idan ya wuce har ruwa take nema. Sai a ƙarshe ta yi ƙara sau ɗaya, kuma sunanki ta kira. Sannan na ji kukan jaririya.

Bayan an gyara yarinya, Lantana ta lumshe ido ta yi laƙwas. Nana ta ce a bar ta, abin nata take yi. Sista ta taɓa hannunta ta ce, “A'a, wannan ba shi ba ne.” Ashe jini ne ya ɓalle. Nana ta ce suka yi ta kiran sunanta ba ta motsi, Sista tana danna mata ciki tana ba da umarni, aka yi allura aka ɗaura ruwa. Allah ya taimaka jinin ya tsaya. Da la'asar ta farfaɗo ta shayar da 'yarta.

Ni na kawo miki zargin matar nan, don haka ni ya kamata in gaya miki wannan. Suna ranar Laraba ne in Allah ya kai mu. An ce an zuba ƙasa a kwalbatin, Gwadabe zai ɗauko ki ranar Litinin.

Naki cikin ladabi,
Hadi

Falgore, ranar Juma'a

'Yata Lantana,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Alhamdu lillahi. Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙanki ce. Na yi sujada a tsakar gida har maƙwabta suka shigo. Ina nan tafe da gero da kanwa da yajin jego. Ki sha kunu da zafinsa, kada ki ce sai na zo.

Har yanzu ban ce na gane abin nan naku ba. Da an biye wa matan gida masu kallon fuskarki da a tabarma za ki haihu, ki gaya wa Sistarku ta riƙa faɗa wa mazaje wannan. Amma matar da ta taɓa hannunki ta bambance shiru da shiru, ina so in gan ta, in yi mata godiya da bakina.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da aka haife ki ni ke riƙe da kan Halima Sadiya a cinyata. Ta sha wuya, ta yi ta kirana, Yaya Hajo, Yaya Hajo. Da kika faɗo sai ta yi shiru ta lumshe ido. Muka ce gajiya ce. Can ungozoma ta ɗaga zani ta ga jini. Na kira ta, na kira ta da sunan yanka, na kira ta da sunan da muke tsokanarta muna yara, na ce mata mace ce, ta buɗe ido ta gani. Ban daina ba har aka janye ni. Ba ta ko motsa gira ba. Shekarun nan duka ban sani ba ko ta ji ni, ko kuwa ta riga ta yi nisa ina ta magana ni kaɗai.

Maigidanki ya ce da jini ya ɓalle miki sun yi ta kiran sunanki. Ina so ki gaya mini gaskiya, kin ji su?

Ki rubuto amsar ki ba Gwadabe ya taho mini da ita ranar da zai ɗauke ni. Kada ki bari sai na zo. Ba na so a yi mini ihun wannan amsa a kunne cikin gidan suna.

Innarki,
Hajo

Karaye, ranar Lahadi

Innata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ni da ita. Tana kama nono sosai, ni kuma jiri ya ragu. Ina kwance nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Na ji su, Inna.

Ba irin wancan shirun ba ne da nake shiga da kaina in fito da kaina. Wannan jan ni ake yi ƙasa, jikina ya yi sanyi, na nemi ɗaga ko yatsa na kasa. Idona ya rufe, ciwo ma ya tafi. Amma kunnena yana nan. Na ji Nana tana kuka tana cewa Anti, na ji Sista tana cewa, “Lantana, 'yarki tana nan, mace ce.” Ina amsawa a cikina, bakina ne ya ƙi. Kuma ban ji tsoro ba muddin ana kiran. Abin da nake roƙo a raina kawai kada su daina.

Ban san abin da Allah ya jiyar da mahaifiyata ba, kuma ba zan yi miki ƙarya don in faranta miki ba. Abin da ya same ni kaɗai na sani. Idan nata ya yi kama da nawa, to ta san mace ta haifa, ta san a cinyar wa take, kuma muryarki ce ta raka ta har ta fita.

Sai kin iso.

'Yarki,
Lantana